Hasumiyoyin Harami da Iskar Jidda

Shekarun baya can, a tsakiyar shekarun sittin, lokacin da ake ta rushe-rushe don faɗaɗa Harami, masu gidajen layinmu a unguwar Tandabawi ta Makka suka naɗa ni shugaban ƙungiyarsu. Gida goma sha ɗaya ne, duk Hausawa, manne da juna a jikin dutse. Ba don hankali aka zaɓe ni ba, don na iya rubutun Larabci ne kawai. Aikin bai wuce a yashe magudanar ruwa kafin ambaliya ba, a gyara matakala, a hana zubar da ruwan wanki a hanya. Amma ni da na cika kaina da ƙananan littattafan soyayya na Masar da ake bazawa a kasuwa, gani nake kamar birni guda aka damƙa min.

Mahaifiyata ta ɗauki shekaru a hanya kafin ta iso Makka, mafi yawansu a bakin teku, tana dafa wa masunta abinci, da farko a Sudan, daga baya a Jidda. Da ta tsufa gwiwoyi suka hana ta zuwa Harami sai ranar Juma'a. Kullum bayan la'asar sai ta rarrafa saman soro, ta shimfiɗa darduma, ta fuskanci gabas inda hasumiyoyin Harami suke leƙowa tsakanin gidaje, ta sassauta ɗankwali, ta lumshe ido tana murmushi. Ni kuwa in tsaya bayanta ina jero mata kalamai, wai hasumiyoyin nan kamar yatsun masoyi ne da ke yafito abin ƙaunarsa. Ba ta taɓa tanka min ba.

Gidanmu a cikin na abokina yake, don wajen mahaifinsa muka sayi filin, sai soronsa ya sa namu a tsakiya, gabas da yamma. Da iyalinsa suka ƙaru ya ce zai ɗora ɗaki a ɓangaren gabas, daidai inda Inna take kallo. Ranar da na ga an fara hawa da tubali sai na kira taron ƙungiya.

Na yi jawabi, wallahi na yi jawabi. Na kawo tafiyar ƙafa, na kawo rairayin hamada, na ce tsohuwar da ta ƙetare teku don ta ga Ɗakin Allah ba za a toshe mata ido da tubali ba ina raye. Wani dattijo mai sayar da itace har da share ƙwalla. Abokina ya bari na gama, sannan ya ce, "Ya Ra'is, shugabanmu, duk wannan karatun, ka tambayi Inna kuwa?"

Na ce ɗa na gari ba ya tambayar uwarsa abin da ke zuciyarta, a fuskarta yake karantawa. Wannan ma daga littafi na ɗauko. Aka yanke hukunci ya mayar da ɗakin ɓangaren yamma. Ya ce ɗayyib, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Na rubuta hukuncin da hannuna, har da ƙawata rubutun.

Cikin wata guda ɗaki ya tsaya. Hasumiyoyi na nan tar, amma Inna ta daina hawa soro. Na ɗauka gwiwa ce, na sayo man shafawa. Sai ta fara ramewa, ba ta cin abincin kirki, tana yini a tsakar gida da mafici, zafin Makka na dafa ta. Matata ce ta gaji da ni, ta ce in ajiye littafi in je in zauna gaban tsohuwar in yi shiru ko sau ɗaya.

Na zauna, na ce, "Inna, ga Haraminki na ƙwato miki, me ya hana ki hawa?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ɗan nan, rabona da ganin hasumiya tun kafin a yaye 'yarka. Yanar ido ta rufe min gani, fari kawai nake gani. Na ga kana jin daɗin waƙarka ne na ƙyale ka."

Ta ce abin da ke kai ta soro iskar Jidda ce, wadda ke tasowa daga yamma bayan la'asar tana bugun ƙeyarta. Wai idan ta lumshe ido har ƙanshin gishiri take ji, da na kifin da take soyawa lokacin mahaifina yana raye. Gabas kuwa alƙibla ce, ina kuma Musulmi zai fuskanta? Ni da kaina na sa aka gina bango a gaban iskarta.

Ban tsaya jin kunya ba, na sake kiran taro na faɗi gaskiya. Aka yi min dariya son rai, mai itacen nan ya ce in biya shi hawayensa. Abokina ya ce rushe ɗaki dai ba zai yiwu ba, amma zai fasa tagogi biyu masu kallon juna, a toshe su da tubali mai huji-huji irin na sorayen Makkawa, iska ta ratsa, ido bai ratsa ba. Duk mazan layin suka sa hannu, ni aka bar wa kwasar ɓaraguzai.

Ranar da aka gama na hau da ita soro. Ta zauna, ta sassauta ɗankwali, muka jira. Can sai bakin mayafinta ya motsa. Ta ja dogon numfashi ta ce, "Yau teku ta cika."

Na shekara tara ina shugabancin nan bayan haka, kuma na yi shi da kyau, ban ɓoye ba. Doka ɗaya na ƙara a littafin ƙungiya: ba a yanke hukunci don wani sai an je an zauna gabansa an tambaye shi. Har yau ina son kalamai masu daɗi, ban tuba ba. Amma duk la'asar da iskar yamma ta taɓa min ƙeya, shiru nake yi.