Fumfuna a Idon Kyamara

Na daɗe ina ɗaukar hoton biki da suna a cikin gidaje, inda namiji ba ya shiga. Kyamarar ta yayana ce, ya bar mini da ya koma sayar da waya. Bai taɓa gaya mini tana tsoron laima ba.

Wata damina aka yi marka, kwana huɗu ba mu ga rana ba. Bangon ɗakinmu a Kambarawa ya jiƙe har rabi, kyamarar kuwa tana rataye a jikinsa cikin jaka. Da ruwa ya ɗauke, wata Hajiya maƙwabciyarmu ta aiko in je in ɗauki hoto. Tsohuwa ce da ba ta yarda da hoto, amma ranar 'ya'yanta mata huɗu sun haɗu daga garuruwan aurensu, suka lallashe ta ta zauna a tsakiyarsu.

Da aka wanko hotunan, duk fuskokin sun yi dishi-dishi, kamar an ɗauka ta cikin hayaƙi. 'Ya'yan kuma sun riga sun watse.

Na kai wa wani mai gyara kyamarar a Ƙofar Kaura. Ya ɗaga gilashin ya duba a haske.

"Malama, fumfuna ce ta ci shi. Ina kike aje ta?"

"A bango."

Ya girgiza kai. Ya goge abin da zai gogu, ya ce sauran ya zauna ke nan. Ya ce in nemi roba mai murfi in riƙa aje kyamarar ciki, in zuba ƙananan ƙunshin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, suna tsotse danshi. Na bi masu takalma shago-shago ina roƙo, suna kallona kamar wadda ta taɓu.

Sai da na yi mako kafin na iya kai wa Hajiya hotunan. Ta kai su dab da ido, ta daɗe tana kallo.

"Mi kike ba ni haƙuri, ɗiyata? Ni dama haka nake ganinsu."

Babbar 'yar ce ba ta haƙura ba. Bikin da aka yi a gidan bayan nan, wata aka kira.

Har yau da hadari ya haɗo sai in tashi in duba murfin robar, in ɗumama ƙunshin a kasko in mayar, in goge gilashi. Gwiwoyina sun fara ciwo, aikin ma ya ja baya tunda kowa na da waya. Maigidana ya ce in sayar in huta. Na ce masa to, bari damina ta wuce.