Ƙahon Mudasiru a Bayan Kawu Musah

Duk wanda ya taɓa ganin bayan Kawu Musah ya san mutumin ƙaho ne. Tabon tsaga sahu-sahu tun daga wuya har kwankwaso. Ƙanen mahaifiyata ne, dillalin doya a Salaga, kuma bai taɓa yarda a kira shi haka ba sai ya ƙara da cewa kakanninsa fataken goro ne, doya dai ƙaddara ce. Mutum ne mai faɗa da kowa, har da akuyar maƙwabta, amma hannunsa a buɗe yake.

Wanzaminsa Mudasiru daga Bawku ya zo yana saurayi, rataye da zabirar ubansa, wai zai yi kasuwa ɗaya ya wuce. Salaga ta riƙe shi har furfura. Ina tuna muna yara, ranar da babu kasuwa, mutane a jere ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan Kawu, kowa ya tuɓe riga, ƙahoni a tsaye a bayansu. Mudasiru na tsotsa yana toshewa, ana ɓare goro, ana musu kan wanda kakansa ya fi yawan jakuna. Wallahi ina kewar wannan hayaniya. Yanzu wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun hana, samari kuwa shagon aski mai inji suke zuwa. Kawu kaɗai ya rage wa Mudasiru, shi ya sa ma ya riƙa kiransa akai-akai, ko jikinsa bai nema ba.

Bara Kawu ya zo wurina Yendi don sunan ɗana, na ga yana haki daga hawa 'yar matakala. Da ƙyar na ja shi asibiti. Da sakamakon gwajin jini ya fito, wani ma'aikaci ya ce abu biyu sun ɗan haura. Nan take Kawu ya fara gaya mini wanda zan ba rumbun doyarsa. Ni ma na tsorata, don na taɓa jin cewa akwai mugun ciwon jini da ke farawa haka.

Likitar, yarinya ce sa'ar ƙanwata, ta zaunar da mu.

"Baba, kada ka ji tsoro. Fararen ƙwayoyin jini su ne masu yaƙi da cuta, na biyun kuma su ke sa jini ya daskare in an ji rauni. Naka sun hau kaɗan ne, ba sosai ba. Yawanci jiki ne ke fama da wani abu, miki ko rashin jini. Akwai ciwo a jikinka?"

"Ni? Babu komai, dokta."

"Kawu, ɗaga riga," na ce.

Ya harare ni, amma ya ɗaga. Tsaga biyu sun kumbura suna ruwa. Ashe tsufa ya sa hannun Mudasiru ya fara rawa, askar tana shiga fiye da kima, Kawu kuma ya ɓoye. Likitar ta ce ga amsa nan: miki ya tayar da fararen, yawan zubar da jini kuma ya rage masa sinadarin ƙarfe, abin da kan sa ɗayan ya hau. Ta ba shi magani, ta ce a sake gwaji nan gaba, in ba su sauka ba sai a ƙara bincike. Amma tsaga, an gama.

A mota bai yi murna ba ko kaɗan. Mutumin da ya tsira daga abin da yake tsoro, sai ga shi ya fi ɗazu baƙin ciki.

"Ayisha, in na faɗa masa, wa zai yi wa kuma? Mutumin nan ba shi da kowa a Salaga sai bayana."

Da aka sake gwaji komai ya daidaita. Na raka shi gida, ya yi ta kewaye-kewaye don kada ya faɗa wa Mudasiru, yau yana da baƙi, gobe azumi yake. Rannan dai Mudasiru ya zo da kansa, ya ajiye zabira ƙarƙashin mangwaro, ya fara wasa aska. Ina daga zaure ina kallo, na shirya tsaf in fito in yi rashin kunya.

Kawu ya tuɓe riga ya zauna ya ba shi baya.

"Sarkin aska, yau kafa ƙahon kawai. Bar askar."

Mudasiru ya daɗe yana duban tabon nan biyu.

"Dokta ne, Maidoya?"

"Dokta ne."

 Mudasiru ya naɗe askar ya mayar cikin zabira, ya kafa ƙahoni, ya tsotsa, ya toshe. Suka ɓare goro, suka yi musunsu na jakuna kamar yadda suka saba, Kawu har yana rantsuwa. Da lokaci ya yi, Mudasiru ya cire ƙahonin. Ya tona ɗan rami a gindin mangwaron kamar yadda wanzamai ke yi don binne jini, ya kifa ƙahonin ciki ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗigo, ya mayar da ƙasa ya danne da tafin hannu.