Moton Mai Sunan Inna

Shekarar da aya ta yi mini kyau na sayi moto, wato babur. Ni tela ne a Gazawa, rumfata tana kusa da tasha, ina kuma noma 'yar gonar gado a gabas da gari. Ƙarƙashin teburin kekena akwai kwali cike da littattafan soyayya, irin waɗanda fatake ke shigowa da su daga kudu tare da atamfa. Tun ina lakol, makarantar boko, nake karanta su, kuma a cikinsu na koyi cewa namiji ba ya miƙa wa mace kyauta kamar mai raba goro. Sai ya shirya, ya ɓoye, ya jira ranar da ta dace.

Ranar da na zaɓa ita ce ranar arba'in. Maiɗakina ta tafi gidan iyayenta, a wani ƙauye kusa da Agiye, don haihuwar fari. Ta sauka lafiya, mun samu 'ya mace, an yi suna, ta ci gaba da wankan jego. Na ƙudurta cewa ranar da zan ɗauko ta, ba a motar haya za mu matsu tsakanin buhunan wake ba. Zan zo bisa kwalta da sabon moto, in sa hannu a aljihu in miƙa mata takarda, ta karanta ta ga moton nata ne. Na sha maimaita wannan a raina ina taka keke, har na taɓa ɗinke bakin aljihun wani alhaji.

Maiɗakina sunanta ɗaya da mahaifiyata. Saboda haka tun ranar da na fara zuwa zance ban taɓa furta sunanta ba. A gidanmu ana kiranta mai sunan Inna. Ni kuwa na raɗa mata wani suna da na tsinto a cikin kwalin nan, suna mai laushi wanda ba na faɗa sai mun shiga ɗaki mu biyu. Ba zan rubuta shi a nan ba ma.

Na tsallaka iyaka na zaɓi moto ja. Mai shagon ya ɗauko littafin rasit ya ce, "Da sunan wa za a rubuta?"

Na ce, "Na maiɗakina."

"To, faɗi sunan."

Shagon cike yake da mutane. Bakina ya ƙi ɗaukar sunan Inna, ya ɗauki wancan. Na faɗe shi a hankali, mai shagon ya rubuta, ya ƙara sunan surukina a baya, ya buga hatimi. Na duba takardar na ga ta yi kyau ƙwarai, har na ji kamar shafin farko ne na littafi. A duwan, wato kwastan, wanda ya cika mini takardu ya kwafe abin da ya gani a rasit, ban ce masa komai ba. Na dawo gida na shigar da moto zaure na lulluɓe shi da tabarma.

Saura kartigiris, wato katin da ke nuna mai abin hawa. Ba shi, ba lamba. Ba lamba kuwa, jandarma na iya tsare moto a shingen hanya. Abokaina 'yan kabu-kabu suka ce in bi ta gonaki kamar kowa. Na ce a'a. Ban sayi moto don in shiga garin surukaina ta bayan rumbu ba.

Na ɗauko katin shaidar maiɗakina a cikin langar da take ajiye takardunta, na hau mota zuwa Maraɗi. Ban ji ɗar ba ko kaɗan, don takarduna cikakku ne. A buro, ofishin masu ba da katin, na tarar da wani dattijo mai farin tabarau a bayan teburi. Ya jera rasit, da takardar duwan, da katin shaida, ya dubi wannan ya dubi wancan.

Ya ce, "Malam, mata biyu gare ka?"

"Ɗaya ce, Mushe," na ce, yadda muke kiran ma'aikaci da Faransanci.

"To nan ga mata biyu. Uba ɗaya, suna daban. Wace ce mai moton?"

Na yi masa bayani. Ya cire tabarau ya share idonsa, ban sani ba ko dariya ce ta kawo hawayen ko gajiya. Ya ce shekarunsa da yawa a kujerar nan, ya ga masu rubuta sunan kakansu, ya ga masu rubuta sunan unguwa, amma bai taɓa ganin wanda ya yi wa sunan ɗaki duwan ba.

Ya ce, "Hanya biyu ce. Ko ka koma inda ka sayo a sake rasit da sunanka, ka sake bin duwan, ka huta. Ko ka je meri, ofishin magajin garinku, da shaidu biyu, su tabbatar mai wanga suna da mai wancan mutum ɗaya ce, a ba ka takarda. In ka kawo, kati zai fita da sunanta na gaskiya."

Na ce, "Ta biyun zan bi."

"Ta farkon ta fi sauƙi."

"Na riga na ba ta, Mushe. Ba ta sani ba, amma na ba ta."

Ya mayar da tabarau ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kira na baya.

A mota, hanyar komawa, na fara lissafin shaidu. Sai a lokacin na gane inda gizo ke saƙa. Ana son mutum biyu da suka san ana kiranta da sunan nan, ni kuwa duk ƙoƙarina tun aurenmu shi ne kada kowa ya sani. Daga Cadawa har Agiye ina neman mutum ɗaya ban samu ba. Da muka wuce mararrabar ƙauyensu na kau da kai, kamar za ta hango ni daga ɗakin wanka. Duk da haka ban karaya ba. A duk littafin da na karanta, in ba a samu cikas a tsakiya ba, labarin ba ya daɗi.

Na iso gida la'asar. Matar yayana tana tankaɗe a tsakar gida. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta, kuma ba ta taɓa raga mini ba. Ta dube ni ta ce, "Angon littafi, ina katin? Ko an ce moton ma sai ya yi arba'in?"

Na zauna bakin turmi na faɗa mata komai, ban dai faɗi sunan ba. Ta ajiye rariya. Sai ta karkata kai, ta lanƙwasa murya irin tawa, ta kira sunan nan tiryan-tiryan, har da jan da nake yi masa a ƙarshe.

Na miƙe tsaye. "A ina kika ji?"

"A ina? Kai, tsakanin ɗakinku da madafa zana ce, ba siminti ba. Har akuyar gidan nan ta haddace."

"To kin zama shaida ta ɗaya."

"Sai ka ɗinka mini riga kyauta, mai aiki a wuya."

"An gama. Saura ɗaya."

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Inna. Ashe tana zaune bakin ƙofa tana tsince wake. Ta ce, "Auta, gobe da wane lokaci ake buɗe merin?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni ne autanta, muna hira, muna raha, amma wannan wani abu ne daban. Na ce, "Inna, ki bari, zan nemi wani."

Ta ce, "Wa za ka nema? Liman?"

Washegari muka tafi mu uku. Inna ta sa mayafinta na zuwa suna, ta ɗaure katinta a bakin zane. Matar yayana tana gaba tana gaisawa da duk wanda muka gamu da shi, tana cewa rakiyar ango muka fito. Ni ina baya da takardu a leda, kaina sama. Na riga na yanke cewa in za a yi dariya a yi, katin dai sai ya fita.

Sakataren meri saurayi ne, ɗan garinmu, na taɓa ɗinka masa kaftani. Ya karɓi takardu ya fara cika tasa. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Faɗi cikakken sunan matar, yadda yake a kati."

Na kai ido ga katin. Sunan yana gabansa a rubuce, amma aikinsa ne ya ji daga bakin mai nema. Inna tana zaune a benci, gwiwarta na taɓa tawa. Shekara talatin da wani abu ban taɓa furta kalmar nan ba, ko a bayan idonta, balle a gabanta.

Ya ce, "Malam tela, ina jira."

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Yaro, bar shi. Sunana ne, ni ke da shi tun kafin a haifi ubanka. Ni zan faɗa." Ta faɗa, da ƙarfi, kamar ana kiran ta a asibiti. Sakatare ya rubuta.

"To, Hajiya, ɗayan sunan fa? Kin taɓa jin ana kiranta da shi?"

"Na ji."

"Sau nawa?"

"Kullum bayan ya ci tuwo. In miyar ta yi daɗi, sau biyu."

Matar yayana ta toshe baki da gefen zane. Sakatare ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Inna ba ta yi ko murmushi ba. Ta faɗi sunan ɗakin nan da bakinta, ta dangwala yatsa a tawada ta danna, ta goge a ƙasan benci. Da muka fito ta tsaya a inuwar itacen bedi ta ce, "Ubanka ma ya taɓa raɗa mini wani. Shi dai bai kai shi duwan ba." Ban tambaye ta ko wane ne ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Na koma Maraɗi da takardar. Dattijon mai tabarau ya gane ni tun daga ƙofa. Ya karanta, ya ga shaida ta biyu sunanta ɗaya da mai moton, ya dube ni ya gyaɗa kai. Wani ma'aikaci ya duba lambar da ke jikin ƙarfen moton, wanda na kawo a saman motar haya, ya ga ta dace da takarda. Aka ce in dawo. Na dawo sau biyu, ana cewa tukuna. Ban damu ba, na yi ta ɗinkin rigar matar yayana, na kuma ɗinka wa jaririya 'yar hula. Saura kwana biyu arba'in katin ya fito, aka ɗaura lamba.

Ranar na yi wanka, na sa farar shadda, na hau kwalta. A shingen da ke kafin Agiye jandarma ya ɗaga hannu. Na tsaya tun kafin ya sauke shi. Ya karɓi kati ya karanta ya dube ni.

"Wannan sunan mace ne."

"Na maiɗakina ne, ranka ya daɗe. Ɗauko ta zan je."

Ya miƙo mini ya ce in gaishe ta.

A ƙauyen na gaida surukaina a zaure, durƙushe, na sha fura. Da aka fito da ita da goyo da ƙullin kaya, mata suka ja baya kaɗan. Na sa hannu a aljihu. Jawabin da na yi wata guda ina shiryawa, mai wata da taurari a ciki, ya gudu ya bar ni. Na miƙa mata kawai, kamar mai raba goro.

Ta karanta a hankali, yatsanta na bin layi. Ta dubi moton, ta sake duban katin. Ta ce, "Nawa ne?"

"Naki ne."

"Har da mabuɗin?"

"Har da shi."

Ta karɓa, ta juya shi a tafin hannu, sannan ta mayar mini. "To na ara maka. Ka tafi a hankali, yarinya na barci." Katin kuwa ta naɗe shi a bakin zanenta, irin ɗaurin Inna.

Muka kama hanya, kayanta a gabana, ita da goyo a bayana. A shingen, jandarman ɗazu ya sake ɗaga hannu, yana dariya tun daga nesa. Ya ce, "Ina mai moton?"

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa ta saman kafaɗata. Ta ce, "Ni ce. Wannan direba ne."

Ya duba, ya sara mata, ya ɗage igiya. Da muka yi nisa, na rage gudu na kira ta da sunan nan a hankali, ina ganin iska za ta rufa mini asiri.

Ta ce, "Faɗa da ƙarfi mana. Matar yayanka ta kira ni a waya tun ranar. Ta ce har meri an sani."