Dawar da Makau Ya Ɓoye

A Nasarawa Burkullu kowa ya san Makau da noma, kowa kuma ya san shi da riƙo. Ko gatari ka je aro sai ya tambaye ka wane icce za ka sara. Ba mugu ba ne, tun yana yaro ya ga shekarar da rumbun babansa ya ƙare kafin shuka, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke dawa ba ta cika ido ba, har matarsa Lauratu ta koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Da bazara Makau ya hau babur zuwa Anka wurin Habila, malamin gona. Habila ya ba shi irin wata gajeruwar dawa da masu bincike suka fitar, mai nuna kafin ruwa ya tafi. Ya ce ya ɗibar wa maƙwabta, su shuka tare.

Makau ya ce to. Ya dawo ya tura irin ƙarƙashin gado, ya shuka abinsa shi kaɗai.

Dawa kuwa ta yi kyau, ta fid da kai ta kowa ko alama babu. Sai dai tsuntsayen jan-baki ba su da labarin sirri ne. Duk faɗin karkarar nan gona ɗaya ce mai ƙwaya, suka sauko mata gaba ɗaya. Makau ya kaɗa gwangwani, ya yi ihu har murya ta dushe. Lauratu ta yayyage tsofaffin zannuwanta suka ɗaure kawunan dawar da suka samu. Abin da ya tsira bai wuce na iri ba, Makau ya zauna bakin gona ya yi kuka.

Da ruwan shuka ya sake sauka, aka ga Makau yana bin gida-gida da ƙwaryar iri. Rabe, maƙwabcin gonarsa, ya dube shi ya dubi ƙwaryar.

"Malam Makau, lahiya dai? Kai ne da kyauta?"

"Ba kyauta ta ba," in ji Makau. "Tsuntsayen ga sun yi ma mutum guda yawa. Amshi, mu raba su."

Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri a shekarar. Jan-baki suka zo, suka watsu a gonaki, kowa aka taɓa masa kaɗan. Ranar da aka gama ɗinke bakin buhuna, rumbun Makau a cike, Lauratu ta tambaye shi ko ta ɗora tukunyar dare. Ya ce ta ɗora babbar.