Hular Baba Sakata

Shekara goma sha huɗu Baba Sakata ya yi a ɗakin sanyi na hawa na biyu, inda na'urori ke gurnani, kuma aikinsa ɗaya ne tak: buɗe abin da ya kulle.

Duk fayilolin ma'aikatar a babbar na'ura guda suke. Ƙananan manhajoji da ake kira kwantena ne ke zuwa su yi aiki a kansu. In ɗaya za ta rubuta wani abu, sai ta kulle fayil ɗin don kada wata ta sa hannu. To, wani lokaci kwantena kan mutu ba ta saki kullen ba. Sauran su yi layi suna jiran gawa ta buɗe musu ƙofa, aiki ya tsaya cak.

Nan ake neman Baba. Shi kuwa ba ya gaggawa. Sai ya shanye shayinsa, ya goge tabarau, ya ce kowa ya juya baya, sannan ya buga layi uku da bai taɓa koya wa ɗan Adam ba. In zai fita, ya ɗora hularsa a kan kujera, kuma ko manaja bai isa ya ɗaga ta ba. A gida ma haka yake. Matarsa ta ce makullin ɗakin ajiya a aljihunsa yake kwana, sai ta nemi izini kafin ta ɗebi gishiri.

Da ma'aikata ta ɗauki wata sabuwar injiniya, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Kawu, ka nuna min layukan nan mana, ko don ranar da ba ka nan."

"'Yata, ba yanzu ba. Hannunki bai nuna ba tukuna."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ranar da ba ya nan? To, bari su ɗanɗana. Ya ɗora hula a kujera, ya ce baya ke ciwo, ya tafi gida ya kishingiɗa. Ranar farko wayarsa ta yi ƙara sau ashirin da uku. Ya ƙirga, yana murmushi, bai ɗauka ba. Rana ta biyu, sau goma sha bakwai. Rana ta uku shiru. Ya hura wayar, ya jijjiga ta, har ya sa matarsa ta kira shi daga tsakar gida. Lafiyarta ƙalau. Karon farko tsoro ya kama shi sosai.

Ranar Litinin baya ya warke. Mai gadi ya tare shi da leda, hularsa a ciki, an ninke ta da ladabi. Injiniyar ta same shi a bakin bene.

"Kawu, ya jiki? Da muka rasa ka, sai na gyara tsarin. Yanzu na'ura na tambayar mai riƙe da fayil ko yana raye. In bai amsa ba cikin daƙiƙa casa'in, ta ƙwace kullen ta ba na baya."

"Daƙiƙa casa'in? Ai wannan rashin kunya ne."

"Manaja ya ce kai ai kwana biyu aka yi ana kiranka, ba ka amsa ba."

Ta wuce ciki. Baba ya kara katinsa a ƙofar ɗakin sanyi, fitila ta nuna ja. Ya sake, ja. Ya ƙwanƙwasa gilashi a hankali. Daga kan kujerarsa ta ɗaga masa hannu, alamar ya ɗan jira, tana shan shayi.