Ranar da Motar Zakari Ta Yi Shiru

Zakari Direba bai san lokaci ba, kuma bai taɓa yin kamar ya sani ba. In ya ce da hantsi, a sa rai da azahar. In ya ce azahar, mai hankali sai ya nemi inuwa ya shimfiɗa buzu. Ranar ɗaurin aurensa ma sai da aka shafa fatiha aka raba goro sannan ya iso, yana tambaya ko an fara. Ba ya ba da haƙuri, ba ya ƙirƙiro dalili. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai zo, amsar ɗaya ce: sai an ji shi.

A Amarawa aka haife shi, gidan manoma. In an tura shi gona sai a iske shi tsaye, hauya a kafaɗa, yana bin girgije da ido. Da ubansa ya gaji sai ya bar shi ya tafi Illela, inda ya yi karen mota a wata babbar mota mai kai albasa Sakkwato. Daga nan ya zama direban masu yi wa shanu allura, yana yawo da su ruga-ruga a cikin wata Landiroba mai launin ganyen aduwa. Da motar ta tsufa aka yi gwanjonta, ta faɗo hannunsa. Shekara arba'in ke nan. Ya yi aure, ya haifi ɗiya ɗaya da ta rayu, matar ta rasu, haƙoransa suka ragu, amma aikinsa bai canza ba. Kowace Lahadi, ranar kasuwar Illela, yakan fita ta Lafani, ya wuce Darna Sabon Gari, ya shiga cikin rairayi inda hanya ta ƙare, ya kwaso matan Fulani da ƙoren nono da man shanu, wani lokaci da rago, wani lokaci da marar lafiya.

Salansar motar ta asali, wato bututun da ke fitar da hayaƙi ya kuma danne ƙarar inji, ta ruɓe tun Raliya ɗiyarsa tana goye. Tun daga lokacin faci ake yi. An liƙa bututun famfo, an naɗa gwangwanin madara, an ɗaure da waya, kowane mai walda a Illela ya bar tabon hannunsa a ƙarƙashin motar nan. Abin da ya fito daga wannan haɗe-haɗe wata ƙara ce da babu irinta, kamar ana dukan ganga a cikin rijiya, da wani fito siriri a ƙarshenta in ya sauya giya. Rugagen suna nesa da hanyarsa, a bayan tuddai. Amma tun yana gindin bishiyar kukar bayan Lafani ake jin sa. Hadijatu, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana shiga motarsa, takan ƙarasa tatsa, ta wanke hannu, ta sake zane, ta taka a hankali zuwa gindin aduwar bakin hanya, ta kuma iso tare da shi. Ba wanda ya taɓa tsara haka. Haka dai aka saba.

Abin da ba a ji daga nesa shi ne hayaƙin. Bututun ya tsage daidai ƙarƙashin kujerarsa, ƙasan motar kuwa duk huji ne. Shekaru yana shaƙa. Ya fara tari, kansa yana nauyi, idonsa yana lumshewa a kan sitiyari. Wata Lahadi a farkon damina motar ta bar hanya da kanta, ta ratsa gonar gero, ta je ta jingina da gawo. Da manoma suka fito da shi, sai ya ce musu ya ga tafkin Kalmalo ya cika ya batse kamar yadda yake yana yaro, shi kuma yana cikin kwalekwale, fararen balbelu na biye da shi. Bai tsorata ba. Har ya so a bar shi ya koma.

Raliya ce ta tsorata. Ita 'yar kasuwa ce, tana sarin atamfa tsakanin Illela da Ƙonni, ba ta da yawan magana. Ta kai shi asibiti, aka ce hayaƙi ne. Ta dawo da shi gida, ta zare makullin motar ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce ko dai a sa salansa sabuwa, irin wadda motar ta zo da ita, ba faci ba, ko kuwa ya zauna gida ya ja carbi kamar sauran tsofaffi. Zakari ya ce irin wannan salansa ta ƙare a duniya. Ya faɗi haka ne don ta gaji ta ba shi makullinsa. Lahadi huɗu ya yi a ƙofar gida, hannunsa na motsi kan gwiwa kamar mai neman sauya giyar mota. Ya aika wa rugage cewa mota na jinya, za su ji ta in ta tashi.

Raliya ba ta gaji ba. A bayan shagon wani tsohon mai kayan gyara a Ƙonni ta samo salansar, ragowar kayan wasu masu haƙar rijiyoyi da suka tashi tun tuni, naɗe cikin takarda mai maiƙo, ba a taɓa kwance ta ba. A kan raƙumin wani Buzu ta iso Illela, bututun ya zarce gaba da baya yana lilo. Zakari ya tsaya yana kallo har raƙumin ya durƙusa, kamar bai yarda ba barci yake ba.

Abdulmalik bakanike ne ya karɓi aikin. Taubashin Zakari ne, sa'arsa kuma, don haka bakinsa ba ya shiru. Ya shiga rami ƙarƙashin motar, ya daɗe, sannan ya leƙo.

"Kai bawana, wagga ba salansa ba ta, bola ta. Har gwangwanin madarar sunan Raliya na gani."

"Kwance a hankali," in ji Zakari. "Ta girme ka ga hankali."

Kwancewar ce ta ci kwana biyu. Notuna uku da suka riƙe bututun a jikin inji sun ci tsatsa har sun zama abu guda da ƙarfen. Abdulmalik ya jiƙa su da man birki ya bar su suka kwana. Washegari biyu suka saki da kuka irin na tsohuwar ƙofa. Na uku ya ƙi. Aka gasa shi da wutar walda har ya yi ja, aka sa sifana, sai ya karye a ciki, dole aka huda aka zaro guntun kaɗan-kaɗan. Zakari na zaune kan tsohuwar taya duk tsawon lokacin, bai taimaka da komai ba. Da aka jawo tsohuwar salansar waje, ta rabe gida biyar a ƙasa, toka baƙa na zuba daga cikinta.

Sabuwar kashi uku ce: bututun gaba, na tsakiya, da tulun baya mai jela. Abdulmalik ya ce kuskuren masu gaggawa shi ne su ɗaure na farko tamau, sai na ƙarshe ya ƙi zama. Ya rataye su duka sako-sako a maratayan roba, ya gyara nan ya tura can har kowane ya sami mazauninsa ba tare da ya taɓa jikin mota ba, sannan ya bi su da sifana daga gaba zuwa baya. Kowane huji ya faɗa daidai kan hujinsa, kamar jiya aka cire ta. Ya toshe ƙasan kujerar da fallen ƙarfe. Aka ta da mota. Abdulmalik ya cusa tsumma a bakin jelar, ya kasa kunne ko zai ji inda iska ke tsira. Babu. Zakari ya ce a ta da motar mana. Aka ce masa ai a kunne take.

Ranar Lahadi Raliya ta kwance bakin zane ta miƙa masa makulli. Rana ta yi sama kafin ya fita. Gero ya yi kai, ƙasa a jiƙe, hanya ta kwanta lumui. Tun daga bayan gari ya fara jin abubuwan da bai san suna nan ba. Ya ji rairayi yana raɗa a ƙarƙashin taya. Ya ji ganyen gero yana shafar ƙofa, kurciya tana kira daga kan gawo, wasu mata suna daka can cikin Lafani, har ya iya bambance tabarya biyu. Ya ji numfashinsa. Motar tana tafiya kamar ba a ƙasa take ba, kamar wani ne ke jan ta da igiya daga gaba, a hankali. Ya wuce kuka. Wasu zabin daji da ke kiwo a gefen hanya suka ɗaga kai suka dube shi, suka ci gaba da abinsu. Shekara arba'in bai taɓa ganin zabon daji a hanyar nan ba sai bayansa yana gudu.

A gindin aduwa babu kowa. Ya tsaya, ya danna hon, hon ɗin ya tafi ya faɗi a jikin tudu na farko. Ya ce ko sun gaji da jira sun bi wata hanya. Ya yi gaba. Mahaɗa ta biyu babu kowa, ta uku babu kowa. Waya ba ta da amfani a wurin, layin Najeriya ya ƙare, na Nijar bai fara ba. Ya juyo da mota wayam, kansa garau, ba tari ba ciwo. Lahadi ta biyu ma haka. Bai gaya wa Raliya ba. Ya ɗauka sun sami masu babura sun bar shi, kuma bai ga laifinsu ba.

Ranar Talata da la'asar yana zaune ƙofar gida sai ga wata tsohuwa ta shigo lungu a kan jaki, ta lulluɓe kai, ƙwarya a cinyarta. Hadijatu ce. Ta zo daf da shi, ta tsai da jaki, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kaɗo, kai na ko waninka?"

"Ni na, Inna. Mi yaf faru?"

"Gaisuwar rasuwarka niz zo yi. Ga man shanu na kawo ma ɗiyarka."

Ta sauka, ta zauna kan dakali, ta ba shi labari ba tare da ta ji kunya ba. Mazansu sun yi arewa da shanu, ruga sai mata da tsofaffi. An ce musu mota na jinya, amma ita ta san babu motar da ke jinyar wata biyu, sai dai mai ita. Kowace Lahadi suna kasa kunne tun safe har nono ya yi tsami a ƙwarya. Da shiru ya yi yawa, Ardo Jalo ya tara su aka yi masa addu'a, aka yafe masa duk jiran da ya sa su. Sun ga sawun taya a gindin aduwa, amma suka ce na wata mota ce, don tasa ba ta wucewa a ɓoye. Raliya da ke jin su daga zaure ta fito ta karɓi man shanun, ta ce tunda an kawo ba ya komawa.

Abdulmalik da labari ya kai masa ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce abin mai sauƙi ne: huji uku da kurfi, ƙarfen huda, a cikin tulun, murya za ta dawo. Sai dai hayaƙi ma zai dawo, ko ba yau ba, kuma shi ba zai yi ba sai Raliya ta ce. Ya ajiye guduma da kurfi a kan bonet ya tafi sallah. Zakari ya ɗauka, ya kwanta ƙarƙashin mota. Tulun na nan sumul, ko ƙura bai gama kamawa ba. Ya ɗora bakin kurfin a jiki. Ya tuna tafkin da ya gani, da balbelun, ya san in ya buga zai sake ganin su, ya kuma san duk ranar da ya sake ganin su akwai yiwuwar mata takwas na bayansa da ƙorensu. Ya daɗe a kwance yana kallon ƙarfen. Daga baya ya fito, ya kakkaɓe riga, ya mai da kayan inda ya same su.

Washegari ya mai da Hadijatu gida, jakin kuma aka bar wa wani maƙwabci ya kai mata. Ta zauna gaba, ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Ta ce ba ta yarda da motar da ba ta magana ba, kamar ana tafiya da mutum cikin mafarki. Bayan Darna ta saki ƙofar. Can kuma ta ce ashe haka hanyar nan take da tsuntsaye.

A gindin aduwa ya kashe mota, suka taka tare zuwa ruga. Shekara arba'in rabon da ya ga bukkokin da idonsa. Ardo Jalo ya taso da sanda, ya taɓa masa kafaɗa don ya tabbatar, ya ce to addu'ar da aka yi sai ya ajiye ta, za ta yi amfani. Mata suka kewaye shi. Aka kawo nono, ya sha, ya goge baki, ya ce musu motar ba za ta ƙara kira ba har abada, shi ya zaɓi haka.

"Abin da nika roƙo," ya ce, "duk Lahadin da kuka da tahiya, ku aika tun da sahe a ɗaura ƙyalle ga reshen aduwa. In na gani, ni taka in zo in kira ku da bakina. Ku hwaɗa ma sauran rugage. Amma don Allah ja za ku sa, ko shuɗi. Kada ku sa hwari, ɓace min shikai cikin rairayi."