Gishiri da Gawayi a Gindin Katanga

Shitu mai waya mutumin Yako ne, ɗan manoma, wanda ya tafi Kano cin rani ya komo da sana'ar haɗa wutar lantarki, ya zauna a Tudun Wada. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ba a taɓa jin ya rantse a kan aikinsa ba.

A daminar 1991 aka kira shi gidan Malam Ubale, tsohon gidan ƙasa da aka ja wa wuta tun zuwanta garin. Mahaifiyar maigidan, Inna Saudatu, tana da firji a zaure inda take sanyaya zoɓon sayarwa. Wata rana ta idar da alwala, ƙafa ba takalmi, ta kama murfinsa, wuta ta fizge ta ta maka da bango. Allah Ya nufa da sauran kwana. Duk da haka ta ce ba mai raba ta da firjinta.

Shitu ya buɗe soket-soket ɗin gidan, ya tarar waya biyu ce kacal, babu ta uku mai kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Wutar da ta ɓalle ba ta da hanya sai jikin mutum. Da yake an ɗauke wuta tun hantsi, ya canza su duka, ya ja sabuwar waya har waje, ya haƙa rami a gindin katanga, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri.

Katangar kuwa haɗe take da ta maƙwabci, Zailani, wanda raguna biyu suka mutu masa a watan.

"Kai mai waya! Me kake binne mini a nan?"

"Ƙarfe ne, Baba, da gawayi da gishiri."

"Jama'a, kun ji da bakinsa! Saura baƙar kaza."

Mutane suka taru, Malam Ubale kuma yana gona. Wani ya ce a tone, wani ya ce sihiri ba ya wuce haka. Zailani ya shiga gida ya fito da adda, ya damƙi wayar. A daidai nan rediyo ya kama magana a cikin gida: an kawo wuta. Shitu ya jiyo ƙarar buta a tsakar gida, ya kuwa san inda Inna take nufa da zarar ta idar da alwalar la'asar.

"Baba, in ka sare wannan waya, ran tsohuwar nan yana wuyanka. Zo ka gani da idonka, sannan ka sare."

Ya ruga zaure, Zailani da jama'a na biye da shi, ya tare Inna hannunta na ɗigar ruwa. "Inna, don Allah dakata."

Ya kwance sabuwar wayar daga soket, ya ɗora tsinin abin gwajin wutarsa a jikin firjin, ƙwansa ya yi ja. Ya mayar da ita ya ɗaure, ya sake gwadawa, ƙwan bai kama ba. Zailani ya ce, "Dabo ne."

Shitu ya ajiye abin gwajin. Ya tuɓe takalmansa, ya karɓi butar Inna ya kwarara wa ƙafafunsa ruwa, ya yi Bismillah, ya kama murfin da hannu biyu. Firjin yana ta gurnani. Ya daɗe a riƙe, sannan ya buɗe, ya ɗauko zoɓo ya miƙa wa Zailani.

Zailani ya sauke addar a hankali. "To, gishirin fa?"

"Laima yake riƙewa, Baba. Ƙasa mai laima ita ke shanye wutar."

Malamai sun ce wani zaton zunubi ne, kuma a ranar ya kusa cin rai. Shitu bai ƙara ambaton maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Inna Saudatu kuwa, duk rani, ragowar ruwan alwalarta a kan ramin nan take juyewa.